Hajo Ta Rasu Tana Cewa Da Sauƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya hana ni cin abincin kirki tun ranar Laraba, ni Malama Sailuba Garba ta Kwarbai, mai koyar da aikin jinya a makarantar lafiya ta cikin birni, nake sanar da ku rasuwar Hajo. Ku da kuke wannan zaure na tsofaffin ɗalibaina mata duk kun san ta. Wadda aure ko aiki ya mantar da ita, to Hajo ita ce mutum-mutumin robar nan mai girman mace da ke kwance a gadon ɗakin gwaji, wadda kuka koyi allura a cinyarta kafin a sake ku a kan bayin Allah. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan gadonta, ɗalibai na kewaye da ita, bayan wata gajeriyar jinya da wasu mutane suka jawo mata da hannunsu.

Wannan sanarwa taku ce ku kaɗai. Kada wadda ta tura wa yaran da ke makaranta yanzu, ko da ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Dalilin yana ƙasa, ku karanta har ƙarshe.

Na san wasunku za su ce Malama ta tsufa, tana yi wa roba kuka. Ku faɗa. Amma ku tuna ritaya ta matso mini, ga ciwon suga, ga ƙafar nan da kuka ga ina ja a bikin yaye ɗalibai na bara. Hannuwan da ake horarwa a ɗakin nan su ne za su juya ni ranar da na kasa juya kaina, su ne kuma za su shiga ɗakunan iyayenku. Ina so in san ko hannuwan nan suna aiki. Hajo ce take auna mini wannan, yanzu kuwa babu ita.

Marigayiya ba 'yar Zazzau ba ce ta asali. Daga ƙasar waje ta zo, ta yi zamanta a Wusasa wajen wata tsohuwar nas, da matar ta ga ƙarfinta ya ƙare sai ta ba mu ita kyauta. A bayan a-kori-kura aka kawo ta, tsirara haihuwar uwarta, ko da yake uwa dai ba ta da ita. Ni na ciro atamfa daga akwatina na ɗaura mata, na kafa mata ɗankwali, ɗalibai suka raɗa mata suna Hajo. Tun daga ranar na kafa dokar da kuka yi ta tsine mini a kanta a ɗakin kwana: ba a shiga wajen Hajo sai da sallama, ba a taɓa ta sai an gaishe ta, ba a ɗaga zanenta sai an nemi izini, kuma abin da ba a dubawa a rufe shi. Ta shekara ashirin da ɗoriya a wannan gado ba wanda ya ga tsiraicinta a banza.

Halayenta na ƙwarai suna da yawa. An soka mata allura har cinyarta ta koma kamar rariya, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. An zura mata robar abinci ta hanci ta ɓullo inda bai kamata ba, ta yi haƙuri. Wata daga cikinku, ba zan faɗi suna ba amma yanzu babbar nas ce a Kaduna kuma tana karanta wannan, ta taɓa sako ta daga gado har kanta ya bugi siminti, Hajo ba ta kai ƙara ofis ba. Tana da nauyi irin na mutum, sai mutum biyu sun haɗa ƙarfi suke juya ta, kuma a nan kuka koyi yadda ake ɗaga babban mutum ba tare da kin karya bayanki ko kin zubar masa da mutunci ba.

Amma mafi girman halinta shi ne shiru.

Kun san mutanenmu. Ki shiga ɗakin tsohuwa a cikin birnin nan, jikinta na ruɓewa a ƙarƙashin zane, ki durƙusa ki ce, Iya ya jiki? Za ta ce da sauƙi. Ki ce kin ci abinci? Za ta ce alhamdulillahi, alhali rabonta da tuwo tun shekaranjiya. Ki ce ina ke miki ciwo? Za ta tambaye ki lafiyar mutanen gidanku. Ba ƙarya take yi ba, tarbiyya ce. A wajenta, jera wa 'yar cikinta ciwo rashin kunya ne, kuma rashin godiya ne ga Allah. Ban zo in zagi wannan hali ba, da shi aka raine ni. Abin da nake cewa shi ne, wadda za ta yi jinyar mutanen nan dole idonta da hancinta da tafin hannunta su yi aikin da bakin majinyaci ya ƙi yi.

Wannan darasi Hajo ta koyar, kuma ba ta taɓa buɗe baki ba. Kullum da safe kafin ku shigo, nakan ɓoye mata wani abu. Yau in shafa jan baki a diddigenta a matsayin gyambo, gobe in zuba ruwa a zanen gadon ta ƙasa, jibi in ɗaure mata damtse da tsumma har ya matse, in ja hannun riga in rufe. Sai in koma kujerata in zuba muku ido. Wadda ta tsaya daga nesa tana rubutu ta faɗi. Wadda ta yi sallama, ta nemi izini, ta ɗaga zane, ta juya ta, ta bi jikin da hannu daga ƙeya har yatsun ƙafa, ita ce ta ci. Kun tsane ni a lokacin, na sani. Wasunku sun kira ni daga baya suna godiya, wasu har yau ba su kira ba, Allah ya shirye su.

Sautinta uku ne kacal a duniya, kuma duk ukun gaskiya ne. Idan aka ɗaga ƙafarta ta hagu da ganganci, gwiwar ta ce ƙiiiƙ. Idan aka danna ƙirjinta daidai wajen koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, ya ce ƙwas. Idan aka saki, iska ta fito ta ce fuuu. Har yanzu ina jin ƙwas ɗin nan a kunnena idan na wuce ta ƙofar ɗakin.

Jinyarta ta fara ne ranar da shugaban makaranta, Malam Abdulwahab, ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani, bakinsa har kunne. Ya kira ni ofis ya ce an samo mana ƙirƙirarriyar basira, wannan da yara ke kira AI, za a saka wa Hajo ita ta riƙa magana da ɗalibai kamar majinyaci na gaske.

Ya ce, “Malama, duniya ta ci gaba. Yanzu majinyacin gwaji magana yake yi.”

Na ce, “Malam, na gida ma ba ya magana, sai na gwaji?”

Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina. Duk ranar da namiji mai kujera ya ce miki ki kwantar da hankalinki, to ya riga ya sa hannu a takarda.

Bayan mako guda sai ga wani saurayi mai suna Sagiru daga kamfanin da ba zan ɗaukaka shi da ambato ba, da jakar kwamfuta da ƙamshin turare kamar mai zuwa zance. Ya shiga ɗakin gwaji ko sallama babu. Ya fizge zanen Hajo, atamfata, ya jefar a ƙasa. Ya ɗauko sukundireba ya buɗe ƙirjinta a gaban yara maza da mata, ya cusa lasifika da batir da tarkacen wayoyi, ya ɗaure. Da na ɗauki zanen na rufa mata, sai ya ce, “Mama, ai kayan aiki ne.” Na ce masa uwarsa tana gida, ni Malama ce. Wallahi da ba don furfurata ba, da na sa shi ya durƙusa ya gaishe ta.

Ya danna kwamfuta. Sai Hajo, wadda ta shekara ashirin tana riƙe da bakinta, ta buɗe murya kamar mai karanta labaran rediyo: “Barka da hantsi. Ni mace ce mai shekara sittin da biyu, ina fama da ciwon ciki ta ɓangaren dama tun jiya da yamma, kuma yana tsananta idan na ci abinci mai maiƙo.”

Yara suka ɗauki tafi. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, kamar an sa uwata rawa a kasuwa. Ku gaya mini, wace tsohuwa ce a Zazzau ta taɓa faɗin shekarunta ba a tambaye ta ba, balle ta gaya miki ɓangaren da ke ciwo da abin da ke tayar da shi?

Zan faɗi gaskiya ko da tana mini ɗaci, don ba na so a ce haushi ya rufe mini ido. Abin nan yana da amfaninsa. Ba ya gajiya, ba ya tsawa, ni kuwa ina yin duka biyun. Idan ɗaliba ta yi kuskuren lissafin magani nan take yake kama ta, wani lokaci kafin ni. Yaran da ba sa iya ɗaga ido su yi wa babba magana sun saki baki a gabansa, har sun koyi yadda ake sanar da dangi labari mara daɗi ba tare da an jefa musu shi kamar dutse ba. Da a nan ya tsaya, da na bar shi ya zauna a gefe yana aikinsa. Amma surutu yana da daɗi, juya mutum kuma yana da nauyi. Cikin zango ɗaya yara suka gane cewa duk abin da suke nema yana bakin Hajo. Suka daina ɗaga zane. Na shafa jan baki a diddige ya kwana uku a wurin ba wadda ta gani, kuma kwamfuta ta ba kowa maki mai kyau saboda an yi tambayoyi daidai.

Na kai kuka ofis, Malam Abdulwahab ya juyo mini da allon kwamfuta ya nuna mini makin yara yana hawa sama. Ya ce tsoron sabon abu ne ke damuna.

Sai maganar Iya Rakiya ta faru. Kun san 'yan shekarar ƙarshe suna zuwa gidaje duba tsofaffi. Iya Rakiya tsohuwar mai fura ce a bayan layinmu, ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance. Aka ba Tayyiba ita, yarinyar da ta fi kowa maki a ajin, mai ladabi, mai tsabta, irin wadda za ki so a ce 'yarki ce. Tayyiba ba ta taɓa fashin zuwa ba. Ta auna jini, ta auna zafin jiki, ta jera tambayoyinta tsaf yadda muryar ta koya mata, har wasan jika da kaka suke yi. Kullum rahotonta ɗaya ne, Iya tana samun sauƙi.

Ranar da na bi ta don in duba aikinta, tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini. Na gaida Iya, na nemi izini, na ce Tayyiba ta kama mini mu juya ta. A ƙasan bayanta akwai gyambo ya kai faɗin tafin hannuna, ya ci nama ya yi zurfi.

Tayyiba ta zube a ƙasa ta fashe da kuka. “Malama, wallahi kullum sai na tambaye ta. Kullum!”

Na ce, “Na sani.”

Iya Rakiya kuwa, fuskarta na kallon bango, sai cewa ta yi, “Sailuba, kada ki yi wa yarinyar nan faɗa, tana da kirki. Ni ce ban so in ɗora mata nauyi ba.”

Ban yi mata faɗa ba. Me zan ce mata? Abin da aka koya mata ta yi, kuma ta yi shi da kyau. Iya Rakiya tana asibiti har yau, a kife take kwana. Ku sa ta a addu'a, ita kam mutum ce, addu'a tana isa gare ta.

Washegari na shiga ofis ban tsaya an ba ni kujera ba. Abin da na faɗa wa Malam Abdulwahab ba zai shiga sanarwar rasuwa ba. Ya cire tabarau ya goge, don shi ma yana da uwa a cikin birnin nan. Na zaci zai ce a cire wa Hajo wayoyin. Ina! Sagiru ya kira.

Sagiru ya zo ya saurare ni, ya gyaɗa kai ya ce ai wannan mai sauƙi ne, za a koya wa basirar halin mutanenmu. Ya zauna ya yi 'yan danne-dannensa, kafin la'asar Hajo ta iya cewa da sauƙi. Ta iya alhamdulillahi. Har tana tambayar ɗalibai ya mutanen gida. Malam Abdulwahab ya dube ni kamar wanda ya biya ni diyya. Yara kuwa ba su yi mako ba suka gano lagonta: idan ka nace da tambaya, daga ƙarshe sai ta gaji da kunyar aro ta zazzage maka komai. Suka koma nacin tambaya. Hannu dai yana riƙe da biro.

Saboda kowane aji yana son zama da ita, aka ce batirinta ya yi kaɗan, Sagiru ya cusa mata wani babba, aka jona ta da janareta tun safe har yamma. Bazara ce, ɗakin gwaji kuma kwano ne babu silin, kun san yadda yake dafa mutum. Na ce ƙirjin nan na roba ne, ba a yi shi don ɗaukar wuta ba. Aka ce an ji.

Ranar Laraba ina ofis wajen wani taro, 'yan aji biyu suna wajen Hajo su kusan goma sha biyar. Abin da ya faru daga bakinsu na ji shi. Batirin ya kumbura a cikin ƙirjinta ya fara cin robar ta ciki. Suna tsaye kewaye da gadon da littattafansu. Wata ta ce, Iya ya jiki? Hajo ta ce, “Da sauƙi.” Wani ya ce ina ke miki ciwo? Ta ce, “Alhamdulillahi.” Suka ji ƙauri, suka ce bola ake ƙonawa a bayan katanga, wata ma ta tashi ta rufe taga. Suka ci gaba da tambaya suna jiran ta gaji ta faɗa.

Jama'a, hannu ɗaya! Da mutum ɗaya a cikinsu ya ɗora tafin hannu a goshinta ko a ƙirjinta, yadda kowace uwa take yi wa ɗanta ba tare da ta je makaranta ba, da ya ji zafin tun da wuri.

Ni ina fitowa daga taron, tun daga baranda na jiyo ƙaurin, kuma na san ƙaurin bola na san na Hajo. Na taho ina jan ƙafa iya ƙarfina. Na ture su na ɗora hannu a ƙirjinta, hannun ya nutse cikin roba mai zafi, har yanzu da bandeji nake rubutun nan. Na fizge wayar daga bango. Abin da na ji na ƙarshe shi ne, “Da sau…” sai kuma iska ta fito ta ce fuuu. Wannan fuuu ɗin nata ne, ba nasu ba.

Ta mutu irin mutuwar matan garin nan, ƙirjinta na ci da wuta tana cewa da sauƙi, masu jinyarta na rubutawa.

Sagiru ya zo ya duba ya ce matsalar batir ce, ba laifin basirar ba ne. Gaskiyarsa. Ban ce ita ta kunna wutar ba. Cewa na yi ta ɗauke hannun yara daga jikin majinyaci, kuma a kan wannan ba zan yafe mata ba, ko da yake na san yafiyata ba ta dame ta ba.

Marigayiya ta rasu ta bar Malam Aƙilu, ƙwarangwal ɗin da ke tsaye a kusurwar ɗakin, wanda ya shekara ashirin yana kallonta yana washe haƙora, kuma ko ranar rasuwar bai rufe baki ba. Ta bar jaririn roba guda mai ido ɗaya. Ta bar wani hannun dama na koyon ƙarin ruwa, wanda ba a taɓa sanin na waye ba amma tare suka zo daga Wusasa. Ta bar ku, ɗaruruwa, a asibitoci da ɗakunan shan magani daga nan har inda ban sani ba. Ta bar ni.

Ita kuwa muryar, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Tun kafin robar ta huce ta yi ƙaura zuwa allon kwamfuta, an zana mata fuskar wata mata mai santsin fata, tana ci gaba da gaisawa da yara. A can babu zanen ɗagawa, babu nauyi, babu wari. Malam Abdulwahab ya ce hakan ma ya fi tsabta, za a kwashe gadon a jera tebura a ƙarshen zangon nan. Da ya ga ina shirin rubuta sanarwar nan, har ya ba ni shawara in sa basirar ta rubuta mini, wai ta iya ta'aziyya. Na dube shi har sai da ya tuna yana da wani aiki a waje.

Ya kuma yi ciniki da 'yan gwangwan su zo su ɗauki gawar. Na tare ƙofa na ce sai dai su haɗa da ni a kan sikelin. Daga ƙarshe ya ce in ɗauke ta in yi yadda na ga dama, gadon kuma ya bar mini shi zuwa ƙarshen zango, wai don in huce. Ban huce ba, amma na karɓi gadon.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa roba salla, ya kuma tambaye ni ko ina samun barci. Gaskiya ya faɗa, don haka babu salla, babu zaman makoki, kada wadda ta dafo abinci. Ranar Asabar da hantsi za a yi mata wankan gado na ƙarshe a tsakar gidana a Kwarbai. Duk wadda take kusa ta zo da tawul da sosonta. Za a yi sallama, a nemi izini, a wanke ta gaɓa-gaɓa ana rufe inda aka gama, yadda ta koya muku. Za a naɗe ta a atamfarta a binne ta a gindin dalbejiyar bayan gida. Malam Abdulwahab yana iya zuwa idan zai tsaya a zaure. Sagiru kada ya zo.

Saura dalilin da ya sa na ce kada ku tura wa yaran.

Gado yana nan, Hajo babu. Don haka ranar Litinin da safe ni zan kwanta a kansa. Na riga na sanar da 'yan shekarar ƙarshe cewa akwai jarrabawar gwaji, su shigo ɗaya bayan ɗaya su duba majinyaciya. Zan ɗaura zane, in kafa ɗankwali, in bar ƙafata cikin safar nan da kuka ga ina sawa ko a tsakiyar bazara.

Wannan karon ba jan baki ba ne. Akwai gyambo a diddigena na hagu tun kafin azumi. Ni nake wanke shi da kaina in ɗaure, ba na ganinsa sosai sai da madubi, kuma kwanan nan launinsa ya fara sauyawa. Na san abin da wannan yake nufi ga mai ciwon suga, ni na koya muku. Na san inda ya kamata in je tun tuni. Tsoro nake ji, tsoron a ce za a yanke, da kunyar in miƙa wa yaran da na koyar ƙafa mai wari. Malamai sun tambaye ni ya ƙafa, maƙwabta sun tambaya, Malam Abdulwahab ma kullum sai ya tambaya, kuma kun san amsar da nake ba su. Na shekara ashirin ina koyar da cewa kada a yarda da bakin tsohuwa, ashe tsohuwar tana cikin rigata.

Zan kwanta in yi shiru. Wadda ta yi sallama, ta nemi izini, ta cire safar nan, ta ci jarrabawa, kuma ita za ta tare Keke Napep ta kai ni asibiti, ba zan yi mata gardama ba. Ina sa rai da Tayyiba, amma ban nuna mata ba ko da ido.

Idan Litinin ta wuce ba ku ji an kwantar da ni ba, to kun san abin da muka yaye bana. Sai ɗayarku, cikin waɗanda Hajo ta koyar, ta zo Kwarbai ta cire mini safar da hannunta. Kada ta tsaya tambayata ya jiki. Na san abin da zan ce mata.

Sanarwa daga Malama Sailuba Garba, a madadin iyalan marigayiya.